Meklofenamet

Meklofenamet tsohon maganin rage raɗaɗi da kumburi ne, dangin ibuprofen, da ake bai wa masu amosanin gaɓɓai da mata masu ciwon mara lokacin al'ada. A shekarar 2016, masu bincike a Cibiyar Sankara ta Memorial Sloan Kettering da ke New York a Amurka, ƙarƙashin jagorancin Joan Massagué, suka wallafa a mujallar Nature cewa ƙwayoyin sankarar mama da ta huhu, idan sun bazu zuwa ƙwaƙwalwa, sukan buɗe 'yan ƙananan kafofi tsakaninsu da ƙwayoyin da ke tallafa wa jijiyoyi, su mayar da su bayinsu. Maganin yana toshe kafofin. A jikin ɓeraye ya rage girman ƙari, daga nan cibiyar ta fara gwada shi ga marasa lafiya.