Algaitar Fada da Saksofon na Bature

Duk wanda ya taɓa halartar hawan Salla a ƙasar Kance da Matamaye, bisa tsohuwar hanyar nan da ta haɗa Damagaram da Daura har zuwa Kano, ya san tun kafin idonsa ya tsinkayi rawanin sarki kunnensa ya riga ya cika da amon algaita, wadda sunanta kansa, da yake daga gaita ta mutanen Magrib aka samo shi, shaida ne a kan cewa baƙuwa ce da ta keto Sahara, ta sami masauki a fadojin Barno da na Hausa, har aka manta da baƙuntarta.

Sifarta kuwa ba ta da wani tarkace: itace ne aka fafe, ƙunci daga sama, faɗi daga ƙasa, aka lulluɓe shi da fata, aka huda masa 'yan ƙofofi da yatsu za su rufe, sannan aka sa masa beli mai harshe biyu, wanda mabushi yake shigarwa baki dungum, leɓɓansa na dafe da ɗan faifai. To, da yake leɓe ba ya taɓa belin, babu halin sassauta murya. Sai dai ta fito da ƙarfi da kaifi, kuma ba ta yankewa, domin gwani yana tara iska a kumatu yana shaƙar wata ta hanci. Wannan shi ne ainihin abin da fada take bukata, inda ake so kirarin sarki ya rinjayi tambura da haniniyar dawaki.

Shi kuwa saksofon, wanda Adolphe Sax, mutumin Beljiyam, ya yi wa rajista a Faris a 1846, alhali yana da niyyar ƙarfafa badujalar soja, cikinsa irin na algaita ne, mai buɗewa sannu a hankali, illa dai da tagulla aka ƙera shi, belinsa harshe ɗaya, kuma leɓen mabushi yana zaune a kansa, yana matsawa yana saki yadda ya ga dama, har ya yi raɗa in ya so. Maɓallansa sun haura ashirin, suna kaiwa ga ƙofofin da yatsa ba zai isa ba. Daga cikin nau'o'insa, sofarano galibi miƙaƙƙe ne, kuma muryarsa ta fi kusa da ta algaita. Alto da tena an lanƙwasa su saboda tsawo, muryarsu ta yi kauri da taushi.

Yusef Lateef, shahararren mabushin saksofon na Amurka, ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana nazarin bushe-bushenmu. A ra'ayina, saksofon ya fi yalwar murya nesa ba kusa ba, amma a ƙofar fada, da hantsi, cikin ƙurar dawaki, algaita ce ake ji.