Jinin Durwa: karnukan farauta a ƙasar Dogo

Ban sayi karena na farko ba, mahaifina ma bai sayi nasa ba. A Dogo ta ƙuruciyata, duk wanda ya sa wa ɗan kwikwiyo kuɗi ya zubar da girmansa a idon mafarauta. Goro kake kaiwa, ka yi gaisuwa, ka jira karya ta haihu. Mai ita ya dube ka, ya dubi gidanku, sannan ya yanke ko ka isa riƙo. In ya ba ka mace, akwai alkawari a kai: a haihuwarta ta fari ɗaya nasa ne. Da wannan alkawari jinin karnuka ya riƙa yawo tsakanin Dogo da Guna da Waca da Mirya har Bande, kowa kuma ya san uwar karensa da kakarta.

Da hannun malamai a cikin wannan al'ada. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta kawo hani kan cinikin kare, ta ambaci saɓani game da wanda aka yarda a riƙe don farauta ko tsaron gona da dabbobi, ta kuma ɗora wa wanda ya kashe irin wannan kare biyan ƙimarsa. Iyayenmu suka ɗauki hanyar da babu shakka a cikinta, wato kyauta.

Tsofaffi sun gaya mana iri biyu ne asali. Akwai na gida, gajere, ja, mai naɗaɗɗiyar wutsiya, ga hanci ga jure ƙishirwa, amma zomo yakan tsere masa a fili. Akwai kuma ɗan Abzin, dogo, siriri, mai zurfin ƙirji da ɗamammen ciki. A faɗarsu, wannan ya riƙa biyo ayarin raƙuma da ke saukowa daga Agadas ta Damargu zuwa Zangon Damagaram, tun zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884. Wannan kare ne Turawa suka ɗauka zuwa ƙasashensu a shekarun 1970, suka raɗa masa Azawak, suka buɗe masa takardun asali. A tsakanin gezar Korama da kabarta, gudu kaɗai ba ya kama nama. Sai kakanninmu suka haɗa jinin biyu, suka fitar da kare mai ƙafar Abzin da hancin gida. Durwa, karyar mahaifina, daga nan ta fito, kuma duk karen da na riƙe a rayuwata jininta ne.

Horo yana farawa tun idon kwikwiyo bai gama buɗewa ba. Mahaifina ba ya zaɓen mafi ƙiba. Yakan ɗauke su daga jikin uwar, ya ajiye nesa kaɗan, ya tsuguna yana kallon wanda zai fara komawa ba tare da kuka ba. In an yaye shi, a garken awaki zai kwana, cikin kaji zai wuni, domin karen da ya taɓa kama akuyar maƙwabci ya gama amfani, ya kuma jawo wa ubangidansa shari'a a gaban mai gari. Abincinsa ƙasari da dusa da ragowar tuwo, sau ɗaya da yamma, daga hannu ɗaya. Ɗanyen nama ba ya shiga bakinsa tukuna.

A wata na shida sai a ɗaura fatar zomo a igiya, yaro ya ja ta cikin kara, kwikwiyo ya bi. Bayan nan a haɗa shi da tsohuwar karya, ita ce malamarsa ta gaskiya. Abin da za ta nuna masa a fita uku, mutum ba zai koya masa a shekara ba. Mafi wuya shi ne saki: ya kama, ya danne, ya jira ka iso. A nan yawancin masu horo ke faɗuwa, don sukan ɗauki sanda, shi kuwa karen da aka daka kan nama gudu zai yi da shi cikin sarƙaƙiya. Mu hanji muke ba shi nan take bayan yanka, har ya gane rabonsa yana zuwa daga hannun ubangida. Da bisimilla ake sakinsa, in an iske naman da rai a yanka. Yanke kunne kuwa, wanda aka ce yana hana ƙaya da cizo, ni na daina shi tuntuni, ban ga abin da ya ƙara wa kowane kare ba.

Da an gama ɗaure damman gero, Sarkin Dawa zai sa a buga ganga a sanar da ranar farauta. Ƙauyuka su fito da gora da ƙere da ƙaho, 'yan tauri suna gaba suna kirari. Ƙa'ida a bayyane take, karen da ya fara kamawa, na ubangidansa ne nama. Amma idan karnuka biyar suka rufe gada ɗaya, wa ya ga na farko? Na ga kawuna sun fashe kan zomon da bai cika tukunya ba, kuma ba na kewar wannan ɓangare ko kaɗan.

Abin da ya karya harkar ya zo a jere. Farin 1973 da 1974 ya share namun dawa. A zamanin Seyni Kunce farauta tana rufe bisa doka, mai fita sai a ɓoye, yana tsoron 'yan gandun daji. Sannan yunwar 1984, wadda muke kira El Buhari, ta sa gidan da ba shi da dusar da yara za su ci ba zai ciyar da kare ba. Maza suka tafi cin rani, karnuka suka watse. Namu duka sun mutu a shekarar. Da abu ya lafa na taka har wani ƙauye kusa da Magarya wurin kawuna, wanda mahaifina ya taɓa ba jikar Durwa. Bai tambaye ni komai ba, ya ce, "Ɗana, naku ne, zaɓi." Ba don waccan tsohuwar kyauta ba, da jinin ya yanke.

Dokar farauta ta 1998 ta zo da lasisi da lokacin buɗewa da rufewa, sai dai ta iske dawan ya zama gona. Gawo ya dawo gonakinmu da yawa, abin farin ciki, amma gada duhuwa take so, ba inuwa ba. Mai son ganin barewa yanzu sai ya nausa arewa, wajen Tarmit, inda aka kafa gandun kariya a 2012.

Yau samari suna saye da sayarwa, hoton kare yana yawo a waya, masu nema suna zuwa daga Daura da Ɓaɓura da kuɗi a hannu. Ba na zarginsu kan kuɗin, zamani ya yi tsada. Abin da ke ci mini rai shi ne ka tambayi yaro uwar karensa ya ce bai sani ba, ko ya haɗa karyarmu da wani ƙaton karen Turawa mai gashi, a haifi abin da zafin bazara zai kwantar kafin hantsi. Abu guda da samarin yau suka fi mu shi ne allurar haukan kare, wadda da mun same ta da wuri da ba mu binne karnuka da yawa ba.

Nawa uku ne yanzu, aikinsu tsaron rake da lambu a bakin Korama da korar dila daga awaki. Ƙaramar ta haifi biyar a watan jiya. Wani yaro daga Guna ya zo sau biyu da goro. Na ce masa ya dawo bayan girbi tare da mahaifinsa.