Jirgin Zephyr da yadda dizal ya kori kwal daga layin dogon Amurka

A ranar 26 ga Mayu, 1934, wani ɗan jirgin ƙasa mai tarago uku ya tashi daga Denver da asuba, ya iso Chicago kafin dare ya yi nisa. Kilomita 1,633 ya ci cikin awa 13 da minti 5 ba tare da ya tsaya ko'ina ba, kusan rabin lokacin da jiragen wancan zamani ke ɗauka, kuma a wani wuri gudunsa ya kai kilomita 181 a awa. Sunansa Zephyr, mallakar kamfanin Burlington. Abin da jama'a suka riƙe game da shi har yau shi ne surarsa: jiki mai ƙyalli kamar azurfa, goshi a zube yadda iska za ta zame ta wuce. Ni kuwa ina ganin tarihi ya fi karkata ga abin da ke ɓoye a bayan goshin. Jirage irin wannan an ƙera su ne domin a dawo da fasinja, amma babban aikin da suka yi shi ne gamsar da masu layin dogo cewa injin dizal abin dogaro ne, kuma jirgin kaya ne ya kwashe ribar.

A lokacin kamfanonin layin dogo suna cikin tsaka mai wuya. Mota ta janye musu fasinja tun shekarun 1920, sannan karyewar tattalin arziki ta 1929 ta ƙara dagula lissafi. Shugaban Burlington, Ralph Budd, ya ga wani sabon injin dizal mara nauyi da kamfanin General Motors ya nuna a bajekolin Chicago na 1933, ya nemi a sa masa irinsa a jirgi. Gangar jikin kuma wani kamfani ne na Philadelphia, na Edward Budd, ya ƙera ta da ƙarfen da ba ya tsatsa, bayan ya gano dabarar yi masa walda da wutar lantarki cikin ƙiftawar ido ba tare da ƙarfen ya lalace ba. Injin mai ƙarfin doki 600 janareta yake juyawa, wutar ce ke tuƙa ƙafafu. Jirgin gaba ɗayansa bai kai tan 100 ba, alhali kan jirgin kwal guda ɗaya, ba tarago ko ɗaya, ya fi haka nauyi.

Wani zai ce ai gudun ne ya sayar da jirgin dizal. Wannan hujja ba ta da ƙarfi, domin jirgin tururi, wato na kwal, ma ya iya gudu. Kamfanin Milwaukee ya fito da Hiawatha a 1935, kan jirgi mai tururi da aka lulluɓe da sumul ɗin ƙarfe, yana wuce kilomita 160 a awa a aikinsa na yau da kullum. A Ingila, kan jirgin tururi mai suna Mallard ya taɓa kilomita 203 a awa a ranar 3 ga Yuli, 1938. Inda tururi ya gaza shi ne a tasha da gareji. Kan jirgin kwal sai an tsaya an shayar da shi ruwa a hanya, a loda masa kwal, a kwashe toka, a hura wuta awanni kafin ya motsa, lokaci-lokaci kuma a huce tukunyar a wanke ta. Daga zafin kwal ɗin da yake ƙonawa, abin da ke isa ƙafa bai kai kashi 10 cikin 100 ba, dizal kuwa yana ninka wannan sau uku ko fiye. Kamfanin Santa Fe, wanda layinsa ya ratsa hamadar Arizona, har ruwa yake jigila a tankunan jirgi zuwa wasu tashoshi domin kawunan jiragensa su sha. Mai irin wannan ɗawainiya ba sai an yi masa dogon wa'azi ba.

Akwai hujja ta biyu da ta fi ta farko nauyi: adon ya yi aikinsa, tunda fasinja sun dawo. Gaskiya ne. Da Zephyr ya fara zirga-zirga tsakanin Kansas City, Omaha da Lincoln a Nuwamban 1934, kujerunsa 72 sun yi kaɗan har sai da aka ƙara tarago na huɗu. Sai dai nasarar ce ta tona aibin ƙirar. Taragun a ɗinke suke, kowane biyu suna hawa kan ƙafafu guda, inji kuma yana cikin na gaba. Ranar da fasinja suka yi yawa ba a iya jona ƙarin tarago a tasha, ranar da inji ya samu matsala jirgin duka ne zai kwanta. Saboda haka zuwa 1937 aka koma ƙera kan jirgin dizal mai zaman kansa, wanda zai ja duk taragon da aka ɗaura masa. Da zarar an raba inji da tarago, tambayar da ta rage ita ce ko zai iya jan kaya.

Amsar ta zo a Nuwamban 1939, lokacin da Electro-Motive, reshen General Motors, ya fitar da samfurin kan jirgin dizal na FT mai ɓangare huɗu da ƙarfin doki 5,400. Wata 11 ya yi yana yawo a layukan kamfanoni 20, ya ci fiye da kilomita 130,000, yana jan kaya a kan duwatsu da cikin sanyi da zafi, direba ɗaya na sarrafa ɓangarorin huɗu daga kujerarsa. Yaƙin Duniya na Biyu ya ɗan jinkirta sauyin, amma zuwa 1960 manyan layukan Amurka sun ajiye tururi.

Bai kamata a ce Amurka ce ta fara ba. Jirgin dizal na Jamus mai haɗa Berlin da Hamburg ya fara aiki tun Mayun 1933, yana cin kilomita 286 cikin minti 138. Amma Turai daga baya ta fi zuba kuɗinta a jiragen lantarki, fasinjanta kuma bai guje ta ba. A Amurka gwamnati ta kafa dokar gina manyan titunan mota a 1956, jirgin sama mai injin jet ya shiga jigila a 1958, hukumar gidan waya ta janye yawancin wasiƙunta daga jiragen fasinja a 1967. Kamfanonin da suka yi gasar ƙawata jiragensu a shekarun 1930 su ne suka riƙa neman izinin soke su, har aka miƙa ragowar ga kamfanin jiragen fasinja na Amtrak a ranar 1 ga Mayu, 1971. Jigilar kaya kuwa suka riƙe abarsu, da kawunan dizal waɗanda zuwa lokacin an daina yi musu goshi mai sumul, an koma ƙira mai kusurwa wadda makanike zai buɗe gefenta ya kai hannu ga inji cikin sauƙi.