Kirsimati a Bakin Iyaka

Mu mutanen Illela mun san Kirsimati da iyaka a rufe. An rufe ta a 1984, aka sake a 2019, aka kuma a 2023 bayan juyin mulkin Nijar. Shinkafa ta yi tsada, ɗinkin yara ya gagara, ziyarar dangi a Ƙonni sai ta ɓarauniyar hanya, miji da mata suka yi ta cacar baki kan kuɗin cefane.

Mu tuna, dokar Kaisar ce ta fitar da Yusufu da Maryamu daga Nazarat, Yusufu ma ya taɓa niyyar rabuwa da ita (Matiyu 1:19). A irin wannan gida aka haifi Mai Ceto. Kada mu raina namu. Amin.