Digiri na Biyu a Fannin Sutura: Ƙofofin da Ke Gaban Ɗan Tambuwal da Kebbe

Mu da muka daɗe muna koyar da ɗinki da sarrafa yadi a kudancin Jihar Sakkwato, akwai tambayar da ba ta rabuwa da mu. Yaro ko yarinya daga Tambuwal, ko Dogon Daji, ko Kuchi ta ƙasar Kebbe, ya gama digirin farko ko babbar difloma, hannunsa ya faɗa da keke, sai ya zo ya ce: "Malam, ina ne ya fi a yi digiri na biyu kan sutura?" Amsar ba ta da saurin bayarwa, domin abin da ake kira karatun sutura a manyan makarantun Arewa ba abu ɗaya ba ne. Gidaje uku ne, kowane da asalinsa, kuma wanda bai san asalin ba yakan biya kuɗin fom ya shiga inda ba nan ya nufa ba.

Kafin a je ga jami'a, a tuna cewa sana'ar ta girme ta nesa ba kusa ba. Tambuwal ribaɗi ce tun zamanin Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu, kuma Daular Sakkwato daula ce ta tufafi: da riga da rawani da alkyabba ake naɗa sarauta, da su ake yi wa malami kyauta, da su ake karrama baƙo. Bature matafiyi Heinrich Barth, da ya isa Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa ake rinawa a can suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Aikin kuwa a rarrabe yake tamkar na masana'anta. Mata su gurza auduga, su shiɓe ta, su kaɗa zare da mazari. Masaƙi ya fitar da ƙyalle siriri. Marini ya tsoma a karofi da baba. Mabugi ya buga har ya yi ƙyalli. Sannan maɗinki ya zauna da allura ya fitar da aska takwas ko aska biyu a gaban riga. Kowane mataki da maigidansa da yaransa, kuma ba a yaye yaro sai aikinsa ya shiga kasuwa an saya ba tare da an tambayi wa ya yi ba. Wannan ita ce jarrabawar da muka gada. Ku riƙe ta a zuciya, don da ita zan auna sauran.

Gida na farko shi ne na masu zane, kuma mahaifarsa Zariya. A 1955 aka mayar da sashen zane-zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya zuwa Zariya, inda a 1958 wasu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiyar da ta yi tawaye ga kwaikwayon zanen Turawa. Kwalejin ce ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Daga wannan tushe aka samu Sashen Zane-zanen Masana'antu, wanda ke ƙarƙashin Tsangayar Tsara Muhalli, mai rassan tukwane da zanen ɗab'i da kuma yadi. Ɗalibin da ya shiga nan zai koyi tsara adon yadi, da rini, da buga zane a kan ƙyalle, da saƙa, ya kuma rubuta kundi. Akwai irin wannan sashe a Bauchi da Yola da Akure, amma Zariya ce uwa.

Zan ɗan tsaya a nan, domin a wannan gidan ne aka fara ɗaukar rigar Bahaushe a matsayin abin nazari. David Heathcote, Baturen Ingila da ya koyar da tarihin zane a Zariya, ya bi maɗinka lungu-lungu yana tattara sunayen ado da zanen da ake yi a takarda kafin a ɗora a riga, kuma shi ya shirya baje kolin fasahar Hausawa da aka yi a Landan a 1976. Philip Shea kuma ya yi digirin digirgir a 1975 kan cinikin tufafin rini na Kano a ƙarni na 19, ya kuma zauna yana koyarwa a Jami'ar Bayero. Aikinsu na da kyau, ban raina ba. Sai dai a lura da inda suka fi karkata: Kano da Kura da Zariya. Yammacin ƙasar Hausa, wato mu nan da Jega da Argungu da Gummi, an bar mu a baya a rubuce, alhali tsofaffin da suka san aikin suna ta ƙarewa. Kuma a lura da wani abu: baƙi ne suka fara rubutawa, masu sana'ar kuwa suna cikin littafin a matsayin waɗanda aka yi wa tambaya.

Gida na biyu masaƙu ne suka haife shi. Masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, lokacin Sardauna, sai UNTL da Arewa da sauransu suka biyo a shekarun 1960, har Gusau ta samu tata, ga kuma injinan gurzar auduga a Funtuwa da Gusau da ke karɓar audugar manomanmu. Masana'antun na bukatar masu sanin sinadarin rini da ƙarfin zare da gyaran inji, shi ya sa aka buɗe karatun kimiyyar yadi a Zariya da kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna. Wannan karatu lissafi ne da kimiyyar sinadarai. Mai shiga da niyyar koyon yankan riga zai sha mamaki. Da masaƙun suka durƙushe saboda rashin wuta da kwararowar kayan Sin, ta Kaduna a 2002, UNTL kuma a 2007, sai karatun ya karkata ga roba da dangoginta. Wanda ke da ƙarfi a kimiyya zai ci moriyarsa, musamman in yana son binciken rini ko fata, tunda cibiyar nazarin fata ta ƙasa tana Samaru, kuma fatar jar akuyar Sakkwato ba ta bukatar talla.

Gida na uku shi ne wanda 'ya'yanmu mata suka fi shiga: tattalin gida, reshen tufafi da yadi, galibi a tsangayar ilimi. Da yawa sun faro ne daga Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari ko kwalejin mata ta tarayya da ke Gusau. Manufarsa fitar da malamai, kuma yana fitar da su. A nan ake koyar da awo da yankan takardar riga fiye da ko'ina. Amma a matakin digiri na biyu, abin yakan koma raba takardun tambayoyi da lissafa amsoshi. Na sha karanta kundin da aka yi kan matsalolin teloli, tun daga bangon farko har na ƙarshe babu riga ko ɗaya da marubucin ya ɗinka.

To ina ainihin digirin tsara sutura, irin wanda yaranmu ke gani a waya? A ƙasar nan ya fi zama a kwalejojin fasaha, kamar ta Yaba da ta Kaduna, a matakin difloma da babbar difloma, ƙarƙashin hukumar NBTE. Mai babbar difloma kuwa galibi sai ya ƙara wata difloma ta share fage kafin jami'a ta karɓe shi a digiri na biyu. Abin takaicin ke nan: wanda ya fi kowa iya aikin shi ke da doguwar hanya.

A waje lamarin daban ne. A makarantar Central Saint Martins ta Landan, abin da ake auna ɗalibin digiri na biyu da shi shi ne tufafin da ya tsara, kuma ana nuna su a makon baje kolin sutura na birnin, gaban 'yan kasuwa da 'yan jarida. Alexander McQueen, ɗan direban tasi da ya fara a matsayin yaron tela, ya gama a can a 1992, wata mai suna Isabella Blow ta saye kayan da ya fitar gaba ɗaya. Akwai makamantanta a Faris da New York. In an duba da kyau, jarrabawarsu ta fi kusa da ta maɗinkan kakanninmu fiye da ta jami'o'inmu: a kawo aiki, kasuwa ta yanke hukunci. Sai dai kuɗinsu ya fi ƙarfin ɗan manomi, in ba da tallafi ba, kuma tallafin TETFund na malaman manyan makarantun gwamnati ne. Sannan babu wanda zai koya maka babbar riga a can. Kai za ka je da ita. Alphadi na Nijar haka ya yi: ya yi karatu a Faris, ya dawo ya kafa bikin FIMA a 1998 a hamadar Agadas, da adon Buzaye da na Hausawa ya yi suna.

Ga abin da nake gaya wa masu tambayata. Mai son koyarwa a kwaleji ko jami'a, dole ne ya yi digirin, don ba a ƙarin girma sai da shi. Ya zaɓi Zariya in hannunsa na zane ne, tattalin gida in aji ya nufa. Amma kafin ya biya ko kwabo, ya je da ƙafarsa ya ga ɗakin aikin. Na taɓa shiga wata makaranta mai suna inda masaƙun ke jere ƙura ta rufe su, ɗalibai na kai aikinsu kasuwa ana yi musu. Ya tambayi waye zai duba masa kundi, ɗalibai nawa ke hannunsa, kuma cikin shekara nawa suke gamawa, domin karatun shekara biyu a takarda yakan miƙe. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 kaɗai wata takwas ya ci. Mai son buɗe shago ya yi suna kuwa, gaskiya ita ce shekara biyu a hannun gwanin tela a Sakkwato ko Kano, tare da zirga-zirga a Kantin Kwari har ya iya bambance shadda da yatsa, za su fi yi masa amfani fiye da kowane kundi.

Wanda kuma ya riga ya shiga, roƙona ɗaya ne. Kada ya ɗauki batun da aka yi sau ɗari. Ya dawo gida ya nemi tsofaffin masaƙa da marina da maɗinkan hula na ƙasar Tambuwal da Kebbe, ya zauna da su, ya auna faɗin ƙyallensu, ya rubuta sunayen adonsu da bakinsu, ya koyi ɗinkin da hannunsa, ya kuma sa sunayensu a kundin a matsayin malamai. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana nan tun 1975, ga ta jiha, ga Kwalejin Umaru Ali Shinkafi; lokaci ya yi da ɗayarsu za ta buɗe digirin sutura wanda sharaɗin kammala shi zai haɗa da riga ɗinkakkiya, maɗinkan gari kuma su zauna cikin masu ba da maki.