Ruwa Tsarkakakke, Murjani Mayunwaci: Sake Nazarin Shawarar Kawar da Naitiret da Fosfet a Tankunan Kiwon Murjani

Tsakure

Masu kiwon murjani a tankunan ruwan gishiri sun daɗe suna bin wata shawara da ta zama tamkar doka, wato a rage naitiret da fosfet har ma'auni ya nuna sifiri, tunda a ruwan da ba shi da su sosai murjani ke yaɗuwa a teku. Wannan maƙala ta auna shawarar da sakamakon binciken da aka wallafa daga 1979 zuwa 2023. An gano cewa shawarar ta kwafi adadin da ake aunawa a teku, ta bar hanyoyin da abinci ke bi ya isa ga murjani, kuma ƙarancin fosfet, musamman idan naitiret na nan, yana haddasa koɗewa. Maƙalar ta amsa manyan hujjojin masu kare shawarar, sannan ta kawo abin da ya kamata ya maye gurbinta.

1.0 Gabatarwa

Murjanin da ake magana a kansa a nan dabba ce mai rai. Ƙananan halittu ne, kowace da baki ɗaya da 'yan hannuwa kewaye da shi, suna zaune cikin gungu suna gina ƙwarangwal na kalsiyam kabonet. Su suka gina tuddan ƙarƙashin ruwa na Bahar Maliya, da ke gaɓar Sudan da Saudiyya, da kuma Babban Shingen Murjani na Ostireliya. Kiwonsu a tankin gilashi ya kankama ne a Jamus cikin shekarun 1970 da 1980, lokacin da masu sha'awa a Berlin suka haɗa dutsen teku mai rai da haske mai ƙarfi da na'urar kumfa mai tsame datti. Kafin wannan tsari, ƙazantar ruwa ce babbar mai kashe murjani, saboda haka darasin da aka koya shi ne a rage datti. Darasin gaskiya ne a zamaninsa. Matsalar ta taso ne da kayan aiki suka ƙara ƙarfi, aka samu garin tsatsar ƙarfe mai tsotse fosfet, da dabarar zuba sukari ko ruwan tsami don ƙwayoyin bakteriya su cinye naitiret. Abin da a da ake fafutukar ragewa, yanzu ana iya share shi kakaf, amma shawarar ba ta sauya ba. Har yau ana gaya wa sabon mai kiwo kada fosfet ya wuce miligiram 0.03 a lita, kuma in ya yi ƙasa da haka ya fi kyau. Da'awar wannan maƙala ita ce kashi na biyu na wannan magana kuskure ne, kuma yana kashe murjanin da da zai rayu.

2.0 Hanyar Nazari

An gina maƙalar a kan bitar gwaje-gwajen da masana suka yi a ɗakunan bincike da cikin teku, tare da bayanan wani gidan adana halittun ruwa da ya daɗe yana kiwon murjani. An juya alƙaluman da masana ke bayarwa da maikuromol zuwa miligiram a lita, domin da wannan ma'auni masu kiwo ke aiki, kuma rashin juyawar na daga cikin abin da ya hana su gane inda tankunansu suka faɗa.

3.0 Adadin da ke Tsaye da Abin da ke Wucewa

Gaskiya ne ruwan tuddan murjani matalauci ne. A wurare da dama naitiret bai kai miligiram 0.1 a lita ba, fosfet kuwa yana kusan 0.01 zuwa 0.02. Amma wannan adadi yana nuna abin da ke cikin lita guda a lokaci guda ne kawai, ba ya nuna yawan litocin da ke wucewa ta kan murjani dare da rana. Atkinson da Bilger sun nuna a 1992 cewa saurin ruwa ne ke iyakance yawan fosfet ɗin da halittun tudun murjani ke iya ɗauka. Murjanin da igiya ke duka yana tsotsa daga ruwan da ba ya ƙarewa, wanda kuma adadinsa ba ya sauka don an tsotsa. Tanki mai lita 300 ba haka yake ba. Ko da famfo yana juya ruwan da ƙarfi, ruwan nan ɗaya ne ke zagayawa, kuma murjani da gansakuka da bakteriya da na'urori duk a kansa suke rububi. Saboda haka 0.01 a teku wadata ce mai sabuntuwa, 0.01 a tanki kuwa ragowar abin da bai ƙare ba ne.

Ban da wannan, murjani mafarauci ne. Da dare yakan buɗe hannuwansa ya kama ƙananan halittun da ke yawo a ruwa, kuma bitar da Houlbrèque da Ferrier-Pagès na cibiyar kimiyya ta Monako suka wallafa a 2009 ta nuna cewa wannan farauta babbar hanya ce ta samun naitirojin da fosfaras, tana kuma ƙara kaurin tsoka da saurin gina ƙwarangwal. Kifi ma yana ciyar da shi. Meyer da Schultz da Helfman sun ruwaito a 1983, daga tsibirin St. Croix na yankin Karebiyan, cewa garken kifayen da ke kiwo da dare su dawo su yini a kan murjani suna zuba masa amoniya da fosfaras ta kashinsu, kuma murjanin da suke hutawa a kansa yakan amfana. Babu ɗaya daga cikin waɗannan hanyoyi da ke bayyana a kwalbar gwaji. Mai kiwo yakan ɗebi ruwa kaɗan a 'yar kwalba, ya ɗiga sinadari, ya girgiza, ya jira ruwan ya yi shuɗi, sannan ya kara shi da katin launuka. In ruwan ya tsaya garau sai ya yi murna, alhali katin ba ya iya raba tsakanin kaɗan da babu, kuma a wannan ɗan tsakani rayuwar murjanin take.

4.0 Yunwar Fosfet da Koɗewar Murjani

A cikin tsokar murjani akwai ƙwayoyin gansakuka na dangin Symbiodiniaceae, waɗanda ke haɗa abinci da hasken rana su miƙa wa mai masaukinsu mafi yawansa. Su ne ke ba shi launin ƙasa-ƙasa, kuma idan suka ragu sai farin ƙwarangwal ya bayyana ta cikin tsoka, abin da ake kira koɗewa. A 2013 Wiedenmann da abokan aikinsa na Jami'ar Southampton a Ingila suka nuna cewa idan naitirojin ya yawaita, fosfet ya yi ƙaranci, ƙwayoyin nan sukan hayayyafa har fosfet ya gaza musu, sai su musanya kitsen da ke ɗauke da fosfaras a fatun cikinsu da wani mai ɗauke da sulfa. Wannan musanya tana raunana sashen da ke sarrafa haske, har zafi da hasken da murjani lafiyayye zai jure su koɗar da shi. Manomin da ya zuba wa masara yuriya zalla a gonar da ke neman sufa ya san irin wannan asara, domin yawan wani taki ba ya biyan bashin wani.

Binciken Rosset da abokan aikinta na 2017 ya sa wa maganar alƙaluma. Sun riƙe murjanin Euphyllia paradivisa a ruwa iri-iri. Wanda ke cikin naitiret kimanin miligiram 2.4 da fosfet kimanin 0.34 a lita ya zauna lafiya. Wanda aka rage wa naitirojin aka bar masa fosfet ya jure. Wanda aka bar wa naitiret 2.4 aka sauke fosfet ɗinsa zuwa kimanin 0.02 kuwa ya koɗe, tsokarsa ta motse. Abin lura a nan shi ne, naitiret 2.4 da fosfet 0.02 alƙaluma ne da mafi yawan masu kiwo za su ɗauka tanki ne abin koyi. Ke nan yanayin da gwaji ya nuna yana cutarwa ya faɗa daidai cikin iyakar da shawarar ta shata. A 2023 rukunin Southampton ya ƙara wallafa wani bincike a mujallar Nature, inda aka riƙe murjani fiye da wata shida ba a ba shi abincin kamawa ba. Wanda ke cikin ruwa mai naitiret da fosfet ya ci gaba da girma, domin yana narkar da rarar ƙwayoyin gansakukarsa ya sami naitirojin da fosfaras daga jikinsu. Wanda ke cikin ruwa talaka ya daina girma, ya cinye jarinsa, ya koɗe. Sinadaran da ake kira datti, ashe su ne takin gonar da murjani ke nomawa a cikin jikinsa. Wannan ya dace da rahoton Atkinson da Carlson da Crow na 1995, cewa nau'o'in murjani 57 sun rayu sun girma a gidan halittun ruwa na Waikiki a Hawayi cikin ruwa mai fosfet kimanin 0.06, wato ninki biyu na iyakar da ake gindaya wa masu kiwo.

5.0 Amsa ga Masu Suka

Suka ta farko ita ce ƙazanta ta lalata tuddan murjani a zahiri, kuma misalin da aka fi kawowa shi ne mashigin Kaneohe na Hawayi, inda ruwan bahaya ya sa gansakukar Dictyosphaeria cavernosa ta lulluɓe murjani, har sai da aka karkatar da magudanar a 1977 da 1978 ya fara farfaɗowa. Wannan gaskiya ne, amma ruwan bahaya ba naitiret da fosfet kaɗai ya ƙunsa ba. Ya zo da dattin da ya gurɓata ruwa ya tare haske, ya kuma ciyar da halittun da ke gasa da murjani. Darasin Kaneohe shi ne yawa yana da iyaka, bai ce a nemi sifiri ba.

Suka ta biyu ta fi nauyi, wato fosfet yana hana ƙwarangwal ginuwa. Kinsey da Davies sun ruwaito a 1979, daga tsibirin One Tree na Ostireliya, cewa ƙara fosfet da naitirojin ya rage aikin ginin da fiye da rabi. Sai dai fosfet ɗin da suka zuba ya kai kimanin 0.19, sau shida na iyakar masu kiwo. Dunn da abokan aikinsa kuma sun gwada Acropora muricata a 2012 a fosfet 0.09 da 0.2 da 0.5, suka ga ya fi saurin tsawo a 0.5, ko da yake ƙwarangwal ɗinsa ya rage ƙarfi. Rashin ƙarfin ƙwarangwal haɗari ne ga murjanin da guguwa ke duka, amma ƙaramar illa ce a bayan gilashi, kuma ana kauce mata da tsayawa a tsaka-tsaki.

Suka ta uku ita ce gansakuka za ta mamaye tanki. Tarihin Jamaika ya nuna inda linzamin yake. Bayan annobar 1983 da 1984 ta kashe bushiyar teku ta Diadema antillarum, mai kiwo a kan gansakuka, a gaɓar da aka riga aka kame kifayenta, Hughes ya ruwaito a 1994 cewa gansakuka ta tashi daga kashi 4 zuwa kashi 92 cikin ɗari na fili, murjani ya sauka daga kashi 52 zuwa kashi 3. Masu cin gansakuka ne ke danne ta. A tanki ma dodon koɗi da bushiyar teku da kifaye masu kiwo su ne maganinta. Mai neman kashe ta da yunwa yakan riga ya kashe murjani, kuma masu kiwo da yawa sun ruwaito cewa a tankin da aka share kakaf ne wani yauƙin ƙasa-ƙasa mai kumfa na ƙwayoyin Ostreopsis da danginsu ke shimfiɗuwa a kan yashi, wasunsu ma masu dafi. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

6.0 Kammalawa

Hujjojin da aka bi sun nuna cewa abin da murjani ke buƙata shi ne samu mai ɗorewa da daidaito tsakanin naitirojin da fosfaras. Don haka ya kamata a sauya shawarar ta fuska uku. Na farko, sifiri a ma'aunin fosfet alamar haɗari ce, musamman idan naitiret na nan, kuma matakin da ya dace shi ne a cire garin tsatsar ƙarfe a ƙara ciyarwa. Na biyu, a riƙe sinadaran biyu a inda ma'auni ke iya ganinsu, naitiret 'yan miligiram kaɗan, fosfet tsakanin kimanin 0.03 zuwa 0.1, kuma duk sauyin da za a yi a yi shi a hankali. Na uku, a bar wa halittu masu cin gansakuka aikin danne ta. Batun ya wuce sha'awar ado, domin wani kaso na murjanin da ake sayarwa daga teku ake ciro shi, kuma tankuna sun zama ma'ajiyar nau'o'in da zafin teku ke barazana gare su. Wanda ya ɗauki amanar dabba mai rai, wajibi ne ya auna shawarar da ya gada da abin da gwaji ya tabbatar, kuma a wannan batu gwaji ya ce a ciyar da murjani.