Gado da Tsufa: Tarihin Matsalolin Commodore 64 da Injin Faifanta

1.0 Gabatarwa

Commodore 64 kwamfuta ce ta gida wadda kamfanin Commodore ya fitar kasuwar Amurka a watan Agustan 1982 a kan dala 595. Kafin kamfanin ya durƙushe a 1994, an sayar da fiye da miliyan 12 daga cikinta, musamman a Amurka da Turai. Har yau akwai masu zaƙulo ta daga ɗakunan ajiya su kunna, wasu don sha'awa, wasu kuma don ceto rubuce-rubucen da suka maƙale a tsofaffin fayafayai. Koke-kokensu ba su cika wuce biyu ba: ko dai injin faifai mai lamba 1541 ya ƙi karatu, ko kuma kwamfutar ta ƙi magana da abin da aka haɗa ta da shi.

Wannan muƙala ta bi diddigin waɗannan matsaloli. Abin da take son nunawa shi ne, cutar tsohuwar na'ura iri biyu ce. Akwai ta tsufa, wadda shekaru suka kawo, akwai kuma ta gado, wadda aka haife ta da ita tun daga masana'anta. Mai gyaran da bai san tarihi ba yakan kasa bambance su, sai ya bar jaki yana dukan taiki.

2.0 Asalin Wayar

Shugaban Commodore, Jack Tramiel, ya fara sana'a ne da keken rubutu, sannan ya koma injin lissafi. A 1976 ya sayi kamfanin MOS Technology, mai ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta da ake kira 6502, a 1977 kuma ya fitar da kwamfutarsa ta farko mai suna PET. Ita PET tana magana da injin faifanta ta wata kakkaurar waya mai bin tsarin IEEE-488. A wannan tsari, bit takwas da ke yin bait ɗaya suna tafiya tare, kowanne a kan silinsa, kamar mutum takwas da suka jera kafaɗa da kafaɗa a kan titi mai faɗi.

Wayar tana da sauri, amma tana da tsada. Jim Butterfield, wani masanin na'urorin Commodore ɗan ƙasar Kanada, ya ruwaito cewa akwai lokacin da ta yi ƙaranci a kasuwa domin kamfani ɗaya ne ake dogaro da shi wajen samunta. Saboda haka, da aka zo ƙera kwamfuta mai araha ta VIC-20, Tramiel ya ba da umarni a nemi wayar da kowa zai iya yi. Injiniyoyi suka fito da siririyar waya mai baki shida, inda bit-bit ɗin suke bin sili ɗaya a jere, ɗaya bayan ɗaya.

A kan takarda, wannan ba zai jawo jinkiri mai yawa ba, domin akwai wata ƙwayar lantarki mai lamba 6522 da ke da sashe na musamman na jera bit da sauri. Sai dai gab da fara sayarwa aka gano cewa sashen yana da aibi: idan bugun agogon da ke zuwa daga waje ya yi kusan daidai da na cikin gida, sai bit ɗaya ya salwanta. Babu lokacin sake ƙwayar. Aka yanke shawarar barin sashen, a sa ƙwaƙwalwar kwamfuta ta riƙa miƙa kowane bit da kanta ta hanyar manhaja. Aiki ya yi, amma sauri ya ragu ninkin ba ninkin.

3.0 Tsalle Ɗaya ke Jefa Mutum Rijiya

Da Commodore 64 ta zo, an sa mata sabuwar ƙwaya mai lamba 6526 wadda ba ta da wancan aibi. Ɗaya daga cikin injiniyoyin kamfanin, Robert Russell, ya ba da labarin cewa an tanadi layukan gudu a zanen allon lantarkin, amma aka cire su wajen shirya allon don masana'anta, kuma ba a farga ba sai da aka riga aka buga alluna masu ɗimbin yawa. Haka aka ci gaba da tsohuwar hanya.

Sai kuma wata matsala ta bullo. Ƙwayar da ke zana hoto a fuskar talabijin, wato VIC-II, takan dakatar da ƙwaƙwalwar kwamfuta na kimanin bugun agogo 40 a kowane layi na takwas domin ta ɗebo haruffan da za ta nuna. A cikin wannan ɗan taƙi, injin faifai yana ta aiko da bit alhali babu mai karɓa. Injin VIC-20 mai lamba 1540 ya kasa aiki da sabuwar kwamfutar sai idan an kashe hoton. Maganin da aka samo shi ne a ƙara rage gudun injin, aka canza manhajar cikinsa, aka raɗa masa sabon suna, 1541.

Sakamakon haka, gudunsa ya tsaya a kimanin bait 400 a daƙiƙa. Manhaja mai bait 40,000 takan ci kusan minti biyu kafin ta hau. Wannan ya buɗe kasuwa ga wasu kamfanoni, irin su Epyx da ya fitar da Fast Load a 1984, mai sauya tsarin maganar baki ɗaya ya ninka gudun. Shi kuwa Commodore bai gyara kuskuren ba sai a 1985, da ya fito da Commodore 128 da injin 1571. Darasin farko ga mai gyara ke nan: nawar 1541 ba alamar lalacewa ba ce, halittarsa ce.

4.0 Injin da ke Buga Kansa

Ya kamata a lura cewa 1541 kwamfuta ce mai zaman kanta. Yana da ƙwaƙwalwarsa ta 6502, da ma'adanar wucin gadi mai bait 2,048, da ƙwayoyin 6522 guda biyu, da manhajar sarrafa faifai a cikinsa. Faifan da yake karantawa mai faɗin inci 5 da kwata ne, yana juyawa sau 300 a minti. An raba fuskarsa zuwa da'irori 35 masu ɗauke da guntaye 683, kowanne bait 256. Da'ira ta 18 ita ce rumbun sunayen abin da ke cikin faifan, shi ya sa sabon faifai ke nuna guntaye 664 kacal a matsayin fili.

Don rage kuɗi, ba a sa wa injin wani ido da zai gaya masa inda kan karatu yake ba. Idan ya rikice, ko za a tsara sabon faifai, sai ya ja kan baya fiye da iyakarsa, ya yi ta buga shi a jikin wani ƙarfe har ya tabbata ya isa da'irar farko. Wannan ne ƙarar kwas-kwas da duk wanda ya taɓa amfani da injin ya sani. Masu sayar da wasannin kwamfuta suka ƙara dagula lamarin, domin sun riƙa dasa kurakurai da gangan a fayafayansu don hana kwafa, kuma kowane kuskure yakan jawo sabon bugu. A hankali sai gargaren da ke tura kan karatu ya goce a kan sandarsa, saiti ya kauce. Injin da saitinsa ya kauce yana karanta abin da shi da kansa ya rubuta daga baya, amma ba ya karanta na wasu.

Zafi ma ya taka rawa, domin taransifomar injin tana cikin akwatinsa ne, sai a samfurin 1541-II na 1988 aka fitar da ita waje. Haka nan kamfanoni biyu na Japan ne suka riƙa samar da ƙarafan cikin injin. Na Alps, mai ƙofar da ake dannawa ƙasa, ya fi fama da kaucewar saiti. Na Newtronics, mai mariƙin da ake murɗawa, an san shi a yau da mutuwar kan karatu, inda siririn naɗin wayar cikinsa ke tsinkewa. Na farko ciwon gado ne mai gyaruwa. Na biyu kuwa tsufa ne ya tono shi, kuma babu abin yi sai sauya kan.

5.0 Magana da Duniyar Waje

Sadarwar wancan zamani ta wayar tarho ce. A 1978 Ward Christensen da Randy Suess suka kafa allon saƙonni na farko a birnin Shikago, inda mutum zai buga lamba da kwamfutarsa ya karanta abin da wasu suka bari. Commodore ya sayar da modem mai gudun bit 300 a daƙiƙa, wanda ake cusawa a wata kafa da ke bayan kwamfutar. A Ingila an buɗe Compunet a 1984, a Amurka kuma Quantum Link a watan Nuwamban 1985, wanda kamfaninsa ya koma America Online a 1991.

A nan ma an yi tsimi. Kwamfutar ba ta da ƙwaya ta musamman mai kula da modem, manhaja ce ke kwaikwayon aikinta, kuma takan fara tuntuɓe idan gudu ya wuce bit 1,200. Abin da ya fi muhimmanci shi ne, ƙwayar 6526 guda ɗaya ce ke riƙe da kafar modem da kuma wayar injin faifai. Kowanne daga cikin ayyukan biyu yana buƙatar hankalin ƙwaƙwalwa a kan ƙayyadadden lokaci, don haka haruffan da suka shigo ta modem yayin da faifai ke aiki sukan zube. Tsare-tsaren aika bayani irin su XMODEM na Christensen da na Steve Punter sun dace da wannan hali, domin suna aiko da guntu ɗaya ne su dakata sai mai karɓa ya amsa.

Masu amfani da kwamfutar a yau sun maye gurbin tarho da ƴan ƙananan modem marasa waya, waɗanda galibi aka gina a kan ƙwayar ESP8266. Suna kwaikwayon umarnin modem ɗin Hayes na 1981, amma ta intanet suke kira. Idan allo ya cika da haruffa marasa ma'ana, yawanci gudun modem ne da na manhaja ba su daidaita ba. Wani lokaci kuma bambancin agogo ne, domin samfurin Amurka ya ɗan fi na Turai sauri. Idan kuwa modem ɗin ya kasa ganin na'urar intanet ta gida, a tuna cewa ESP8266 zangon gigahaz 2.4 kaɗai take ji.

6.0 Yadda Tarihi ke Jagorantar Gyara

Tunda kwamfutoci biyu ne ke hira ta waya ɗaya, tambayar farko ita ce, a ina maganar ta yanke? Ana iya bin matakai huɗu.

Na farko, wuta. Injin da aka yi wa Amurka yana cin abin da bai wuce bolt 120 ba, wutar 220 za ta ƙone shi. Tsohon akwatin wutar kwamfutar kuma yakan lalace ya riƙa ba da fiye da bolt 5, ya kashe ƙwayoyin ma'adana. A auna kafin a jona.

Na biyu, a kunna injin faifai shi kaɗai. Lafiyayye yakan kunna koriyar fitila, jar fitila ta haska, ya ɗan juya, sannan ya tsaya. Idan ya ci gaba da juyawa jar fitila na kunne, ciwon yana allon lantarkinsa.

Na uku, a gwada wayar ba tare da faifai ba. Injin yana amsa lamba 8, kuma yana da tasha ta 15 inda yake faɗin halin da yake ciki. Idan aka tambaye shi bayan kunnawa ya amsa da saƙo mai lamba 73, to ƙwaƙwalwarsa da wayar duk lafiya lau. Idan kwamfuta ta rubuta DEVICE NOT PRESENT, ko ta daskare a kan SEARCHING, sai a cire duk sauran na'urorin da ke jere a kan wayar, domin guda ɗaya da ta riƙe sili tana iya toshe bakin kowa. Daga nan a duba ƙwayar 7406 da ke kowane ɓangare, sannan 6526, waɗanda sukan mutu idan an zare waya alhali wuta na kunne.

Na huɗu, sai a zo kan ƙarafa. Kuskure mai lamba 20 ko 21 yana nufin injin bai ga alamun da ke kan faifan ba. A goge kan karatu, a duba bel, a tabbatar da juyi 300, a auna naɗin wayar kan. Taɓa saiti shi ne na ƙarshe, domin wanda ya kwance saitin lafiyayyen inji saboda dauɗa ko mataccen faifai ya ƙara wa kansa aiki ne.

A duk waɗannan gwaje-gwaje, faifan da ba a damu da shi ba ake sawa. Fatar maganaɗisun tsohon faifai takan saɓule, kuma kai mai dauɗa yana iya kankare ta a juyi kaɗan. Abin da ke kan irin waɗannan fayafayai wani lokaci ba shi da kwafi a ko'ina. A 2014 an sanar da ceto zane-zanen da Andy Warhol ya yi a 1985 a kan Amiga, wata kwamfutar ta Commodore, bayan sun shafe kusan shekara 30 a fayafayan da ba mai buɗewa.

7.0 Kammalawa

An ga yadda ƙarancin wata waya da aibin wata ƙwaya a farkon shekarun 1980 suka haifar da jinkirin da miliyoyin mutane suka yi haƙuri da shi, da yadda rashin ido ɗaya ya sa inji yana dukan kansa, da kuma yadda ɗora ayyuka biyu a kan ƙwaya ɗaya ya sa faifai da modem suke tauye juna. Duk waɗannan shawarwari ne da aka yanke a kan kuɗi da lokaci, kuma sun yi wa kamfanin amfani, domin arahar ce ta shigar da kwamfutar gidaje. Wanda ya buɗe 1541 a yau zai tarar da su a zaune yadda aka bar su, a gefe guda kuma ga abin da shekara 40 suka ƙara. Ruwa ba ya tsami banza. Aikin mai gyara shi ne ya rarrabe wanne ne gado, ya zauna da shi ko ya kewaye shi, wanne ne kuma tsufa, ya magance shi tun fayafayan suna karantuwa.